Ruwa Na Bakwai

A unguwar Hindawiyya, a shekarun da famfo bai kai lungunan Jidda ba, babu wanda bai san Na'ibi ɗan garuwa ba. Dogo ne, baƙi wuluk, mai faɗin ƙirji. Ya saɓa sanda da garwa biyu ya ratsa lungu ba ɗigo ɗaya da zai taɓa ƙasa. Amma matarsa Mastura kaɗai ta san cewa mutumin nan da ke sayar da ruwa a gwangwani jikan Sarkin Ruwa ne daga wani tsibiri a ƙasar Yawuri. Ita kaɗai ta san kuma cewa duk ranar da ya dawo ya jingine sanda, kafin ya dube ta sai ya dubi goransa.

Goran yana rataye a kusurwar ɗaki, ƙato ne, hannu biyu ba sa zagaye shi. A ka Na'ibi ya ɗauko shi tun daga gida, shekara shida yana tafiyar ƙasa zuwa Makka, yana zuba tsummokaransa a ciki idan yana tudu, yana kwanciya a kansa idan ya tarar da ruwa. A jikinsa akwai zanen kifi guda shida da aka yi da ƙarfe mai zafi. Duk ruwan da ya shiga ya fito da kamu, sai ya yi masa zane. Mastura haifaffiyar Jidda ce, jikar mahajjatan da suka zo ba su koma ba, ba ta taɓa ganin kogi da idonta ba, amma ta haddace zanen nan kamar karatun allo. Ga Kwara, inda aka yanke masa cibiya. Ga Gulbin Kabi. Ga Tafkin Chadi, inda ya ce tsibirai na ciyawa suna tafiya da kansu, ka kwana da maƙwabci ka tashi iska ta kai shi wata ƙasa. Ga Shari mai kadoji, ga kuma Nilu biyu, waɗanda a ɗayansu, kusa da Sinnar, ya kama giwan ruwa da sai da mutum huɗu suka ɗauke ta.

Da waɗannan labarai ya sace zuciyarta. Samarin unguwa suna zuwa zance da turare da agogo, shi kuwa ya zo da duniya a bakinsa, da wata Hausa tasa ta yamma da take sa ta dariya har ta riƙe ciki.

A gefen zane na shida akwai fili, santsi, ba kome. Wurin Bahar Maliya ne. Shekara biyar yana jin ƙamshinta a iska, bai shiga ba, don surukinsa ya hana.

Surukin, Abdulghaffar, tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne da yanar ido ta makantar. Duk yammacin Alhamis sukan zauna a rumfar ƙofar gida, Mastura tana kawo shayi, tsohon yana buɗe jakar labari. Ya ba da na tsibiran Farasan, inda ya ce akwai ranar da kifi ke zuwa bakin gaɓa da kansa har mata su kwasa da mayafi. Ya ba da na Adan da na Zanzibar. Wani lokaci, in shayin ya yi masa daɗi, ya ba da na wata teku can arewacin duniya da wani jirgi ya taɓa kai shi yana mai zuba gawayi, inda rana take ƙin faɗuwa, kifi mai jan nama kuma yana hawan dutse da tsalle don ya koma inda aka haife shi.

"Baba, can ma za ni," in ji Na'ibi, idonsa yana ƙyalli.

"Je ka ko'ina, ya waladi, ɗana," tsohon yakan ce. "Wannan ta bakin ƙofarka dai ka bar mini ita."

Haka ake ciki har bayan aikin hajjin wata shekara, wani alhaji mutumin Yawuri ya nemo gidan ya kawo saƙo. An datse Kwara, ruwa ya taru ya hau, an kwashe mutanen tsibiri zuwa sabon gari a tudu. Tsibirin ya nutse da kukarsa, da masallacinsa, da kabarin uban Na'ibi.

Kwana uku Na'ibi yana fita da garwa, yana dawowa, yana cin abinci kamar mai tauna ƙasa. A rana ta huɗu Mastura ta shigo daga shanya ta tarar ya sauke goran, ya zazzage abin da ke ciki a kan tabarma: homa biyu, wato ƙananan ragar hannu, da gajeren mashi, da igiya.

Igiyar rama ce, tufka uku, ta yi baƙi ƙirin saboda man kifi da shekaru. Kakansa ya tufke ta, ubansa ya ɗaura, shi ya gada. Haka masuntan ƙasarsu ke aiki: mutum ya kwanta rub da ciki a kan gora, yana tuƙi da ƙafa, hannuwansa na kan homa da mashi. Ƙananan kifi a jefa cikin gora. Manya kuwa a zura musu igiya ta baki ta fito ta ƙarƙashin kumatu, su riƙa bin mai su a baya cikin ruwa, ɗaya bakin igiyar yana ɗaure a ƙugunsa da ƙullin gidansu, ƙullin da ja ke ƙara wa ƙarfi. Ko shi mai igiyar sai ya fito tudu ya zauna da tsinke yake iya warware shi.

"Maigida, wannan fa?" ta ce.

"Juma'a da sahe Othman zai kai ni Abhur."

Othman ƙaninta ne, direban wani attajiri da ke da gidan hutu a bakin ruwan Abhur, arewa da gari.

"Abuya ya hana."

"Baba ya hana mai ruwa shida. Yanzu na fari ya tafi, Mastura." Ya shafa zanen Kwara da babban yatsa. "Ko na koma gida ban san inda zan tsaya in yi wa babana addu'a ba. In ban shiga wagga ba, to ba ni da ruwa ko ɗaya a duniya, sai na gwangwani."

Ta ja mayafi ta tafi gidan mahaifinta da sassarfa. Kafin la'asar tsohon ya iso, yana dogara sanda, ya zauna bai ko amsa gaisuwa ba.

"Na ji an ce za ka shiga bahar da ƙwarya."

"Gora ne, Baba."

"Gora, ƙwarya, duk duma ya haife su. Ba shi ya dame ni ba. Miƙo igiyar."

Ya lalube ta tun daga wannan baki har wancan, ya shinshina, ya ajiye. Sa'an nan ya ɗaga hannunsa na dama, mai yatsu uku.

"Biyun nan a tekun Musawwa na baro su. Zare na naɗa a hannu, ɗan siriri, sau biyu kacal, kifi ya ja. A bahar ba a ɗaura kome a jiki, ya waladi, kome. Kifi ya fito a jefa shi cikin huri, a wanke jinin nan take." Huri shi ne ƙaramin kwalekwalen masuntan Jidda. "Kai kuma za ka rataya yanka a ƙugunka, ka ja shi a baya kana kiran baƙi walima."

Na'ibi ya sunkuyar da kai don ladabi, amma muryarsa ba ta sunkuya ba. "Baba, na ratsa kadoji a Shari kamar mai ratsa garken awaki. Duba jikina, ko ƙwarzane babu. Akwai amana tsakanin gidanmu da abin da ke ruwa. Ba mu cin su, ba su cin mu. In na zo bakin ruwa na yi sallama na ambaci kakana, shi ke nan."

"Kada maƙwabcinka ne," tsohon ya ce. "Yana fitowa tudu ya sha hantsi, ya san muryar matan da ke wanki, yana da kunne, wataƙila ma yana da kunya. Girsh bai taɓa taka ƙasa ba. Kifi ne ya fi ka tsawo, bakinsa zarto, ba ya rufe ido. Bai san kakanka ba, ko nasa kakan bai sani ba. Jini kaɗai ya sani."

"Duk ruwa na Allah ne, Baba."

"Duk wuta ma ta Allah ce. Sa hannunka mu gani."

Mastura ta kasa haƙuri daga bakin ƙofa. "To ka shiga huri da Othman mana, ka bar igiyar a gida."

"Wanda ya kama kifi daga cikin jirgi, jirgi ne ya kama," in ji Na'ibi, a hankali, ba faɗa. "Ba a yi masa zane."

Abdulghaffar ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da 'yarsa ya ce, ba tare da ya rage murya ba, "Khalas. Ki tanadi farin yadi."

Daga wannan rana Mastura ta shiga neman hana shi tafiya. Ta roƙe shi da kuka, ya share mata hawaye da tafin hannunsa mai kanta. Ta yi fushi, ya yi mata waƙar masunta har ta kusa dariya. Ta yi tunanin ɓoye igiyar, ta san zai tufka wata. Ta yi tunanin fasa goran, ta san ranar da ta fasa shi ta fasa mutumin. Kome ta ɗauka sai ta ji warin gishiri a jikinsa. Ko farin zanen da ta shanya a tsakar gida, da iska ta kaɗa shi sai da ta kau da kai.

Ranar Alhamis da aka kira la'asar ya fita masallaci. Mastura ta sakaya ƙofa, ta ɗauko 'yar wuƙar da take yanka albasa, ta durƙusa gaban igiyar.

Kamu biyu daga inda ƙulli ke tsayawa akwai wata tsohuwar fata da aka ɗinke igiyar a cikinta, don kada gogar gora ta cinye ta. Ta murza fatar, da ƙyar ta zame gefe. A ƙarƙashi ramar tana nan fara-fara, lafiyayya, kamar jiya aka tufke ta. Wannan igiya ta ratsa hannun mutum uku, ita ce abin da ya rage daga tsibirin da ruwa ya ci, ga shi 'yar Jidda da ba ta san kogi ba za ta sa mata wuƙa a ɓoye kamar ɓarauniya. Ta ce a ranta, in ya gane ba zai ƙara kallona da idon da ba. Sai wata zuciyar ta ce, ya kalle ki da kowane ido, in dai idon a buɗe yake.

Ta yanke sili na fari. Ta yanke na biyu. Na ukun ta so ta ɗan ci gefensa kaɗan, yadda zai riƙe kifin kirki amma ya tsinke in abin da ya fi kifi ya ja. Ta ɗora kaifi ke nan sai ta ji gyaran muryarsa a lungu. Ta ja fatar ta rufe, ta cusa wuƙar a zani, ta buɗe ƙofa.

"Mi ya sa kika rufe ƙofa da rana?"

"Kajin maƙwabta," ta ce.

Sili na uku yana nan lafiya lau, ko ƙwarzane bai samu ba.

Da gari ya waye Othman ya zo da motar ɗaukar kaya ta maigidansa. Abdulghaffar, da ya rantse ba zai je ba, shi ya fara hawa gaba. Mastura da mijinta suka zauna a baya, goran a tsakaninsu kamar mutum na uku. Suka wuce filin jirgi, gidaje suka ƙare, sai rairayi da ƙaya da raƙuma jefi-jefi. Iska ba ta motsi. Sama ta yi fari kamar an shafe ta da toka.

A Abhur teku ta kutso cikin ƙasa kamar dogon harshe. Maigidan Othman ba ya gari, mai gadi ya buɗe musu, suka bi ta gefen lambu zuwa wata gadar katako da ta miƙe kan ruwa, huri yana ɗaure a gindinta. Mastura ta leƙa. Kusa da gaɓa ruwan kore ne, garau, ana ganin duwatsun murjani a ƙasa. Can gaba kaɗan, nisan jifa, sai kore ya yanke tashi ɗaya kamar an ja layi, shuɗi mai duhu ya fara.

Na'ibi ya tuɓe riga ya bar wando. Ya zagaya igiyar a ƙugu, ya yi ƙullin gidansu, ya ja ya ji. Yatsunsa suka bi ta kan fatar suka wuce. Mastura ta saki numfashin da ta riƙe.

Ya durƙusa a bakin ruwa ya buga shi sau uku da tafi, ya yi sallama, ya ambaci sunan kakansa da na ubansa, ya watsa gero cikin hannu ɗaya. Ya taɓa gaya mata cewa a duk ruwa shidan nan, da gero ya faɗa ƙananan kifi ke tasowa su tsince, wannan ita ce amsar sallama.

Geron ya nutse ƙwaya-ƙwaya har ƙasa. Ba abin da ya taso.

"Ya nasib, kifin nan Larabawa ne," in ji Othman da dariya, don haka yake kiran mijin yayarsa. "Shinkafa suke ci, da ka tambaye ni."

"Kunyar baƙo suke ji," Na'ibi ya ce. Ya yi murmushi, amma ya daɗe yana kallon ruwan kafin ya tura goran ya hau.

Abdulghaffar ya zauna a ƙarshen gadar ya kama gefen mayafin 'yarsa. "Ke ce idona. Kome kika gani ki faɗa."

Da farko abin da ta gani ya kusa sa ta manta tsoro. Mutumin da shekara biyar take gani a duƙe ƙarƙashin sanda ya miƙe a kan ruwa kamar an sake haifarsa. Ƙafafunsa suna tuƙi ba ƙara, goran yana yanka ruwa sumul. Ya tsoma fuska ya ɗago yana ihu kamar wanda ya ga aljanna.

"Mastura! Akwai kifi kore a nan, wallahi kamar an kai shi marina! Ga wani mai ɗigo-ɗigo!"

Hawaye ya zubo mata. Ba ta taɓa son sa kamar wannan lokaci ba, ba ta kuma taɓa jin tsoron rasa shi kamar haka ba.

"Me yake yi?"

"Ya kama ƙanana da homa, Abuya, yana zubawa a gora."

"Madalla. Ya tsaya nan."

Bai tsaya ba. Ta ga ya ɗaga mashi ya soka cikin wani kogon dutse, ya yi kokawa, ya ɗago wani jibgegen kifi mai ruwan ƙasa, tsawon hannu. Ya zura masa igiya ya sake shi a baya. Wani jan hayaƙi ya bazu a cikin koren ruwan.

"Ya soki babba. Ya ɗaura."

Tsohon ya ƙara matse mayafin.

"Ya isa, maigida!" ta ƙwala. "Ka samu zanenka, fito!"

"Ɗaya ba kamu ba ne!" ya amsa da fara'a. Ya soki na biyu. Ya juya goran ya nufi inda kore ya ƙare.

"Tsuntsayen da nake ji ɗazu fa?" in ji Abdulghaffar.

Ta duba. "Sun tashi."

"Ruwan da ke bayansa, yaya yake?"

"Lafiya lau... a'a. Ƙananan kifi suna tsalle, Abuya, kamar an watsa tsakuwa."

Tsohon ya miƙe tsaye ba sanda. "Othman! Huri! Yalla, yalla!"

Ba ta ga ƙayar bayan kifi a saman ruwa ba, ba ta ga baki ba. Inuwa kawai ta gani, doguwa, ta fito daga shuɗin ta shiga kore ba gaggawa, kamar mai gida ya leƙo ya ga wa ke tsakar gidansa. Na'ibi ma ya gan ta. Mastura ta ga ya ɗaga hannu ya buga ruwa sau ɗaya, sau biyu, bakinsa yana motsi. Sallama yake yi.

Bai kai na uku ba. Goran ya yi baya da ƙarfi kamar an fizge shi, mutumin ya lanƙwashe ta ƙugu, ruwa ya rufe a kansa. Goran ya tsaya shi kaɗai yana juyawa.

"Me kike gani? Mastura! Me kike gani?"

Othman yana tuƙa huri yana kiran sunan Allah. Can cikin shuɗin kan Na'ibi ya ɓullo, baki buɗe, hannuwansa biyu suna kan ƙullin, ƙullin da ja ke ƙara wa ƙarfi. Aka sake jan sa ƙasa.

Sili ɗaya. Sili ɗaya da ta bari saboda gyaran murya a lungu. Ta faɗi a kan katako ta kama bakin gadar, tana addu'ar da ba ta taɓa jin matar masunci ta yi ba. Ya Allah ka tsinke ta. Ya Allah ka ruɓar da aikin kakansa. Ya Allah ka tsinke ta, ka tsinke ta.

Ruwan ya kwanta. Goran ya daina juyawa. Othman ya tsaya a huri yana waige-waige, kuma a duk faɗin Abhur ba a jin kome sai numfashin tsoho.

Sai ga hannu, can nesa da inda kowa ke duba.

Da Othman ya jawo shi cikin huri ya kawo gada, jini yana bin cinyarsa inda fatar dabbar ta goge shi, ƙugunsa kuma igiya ta nutse cikin nama ta yi zobe. Amma ƙafa biyu, hannu biyu. Ya yi aman ruwan gishiri, ya kwanta yana kallon sama. Mastura ta rungume kansa a gaban mahaifinta da ƙaninta, kunya ba ta ko zo mata ba.

Abdulghaffar yana lalube shi gaɓa-gaɓa yana ƙirga yatsu. "Alhamdu lillahi. Girsh ya datse igiyar da bakinsa. Wallahi uwarka ta yi maka addu'a, ya waladi."

Na'ibi ya tashi zaune. Guntun igiyar yana reto daga ƙugunsa, kamu biyu, fatar tana maƙale a bakin guntun. Ya zare fatar. Sili ɗaya ya tarwatse, zare-zare, kamar gemun akuya. Biyu kuwa bakinsu daidai yake, sumul.

Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya ɗago ya dubi matarsa.

"Kifin ƙasarku akwai haƙori, Baba," ya ce. "Kamar wuƙar yanka albasa."

"Na gaya maka ai," in ji tsohon.

A hanyar komawa Mastura da mijinta suka zauna a bayan mota. Goran, da Othman ya koma ya ɗauko, yana tsakaninsu.

Bai yi mata faɗa ba. Da ma ya yi. Ya bar ta ta wanke raunin da ruwan zafi, ya ci abin da ta dafa, ya ce an gode kamar baƙo. Ya rataye goran a kusurwarsa, filin nan na gefen zane na shida yana nan fayau. Ranar Alhamis da tsohon ya soma labarin Farasan, Na'ibi ya saurara har ƙarshe bai ce can ma za shi ba.

Bayan mako biyu ta gaji da shirun. Ta ajiye masa tuwo ta ƙi tashi.

"Da ban yanka ba, da yanzu ina takaba."

"Na sani."

"To mene ne? Ka zage ni mana, ko ka kai ƙarata wajen Abuya."

Ya wanke hannu a hankali. "Kin cece ni, Mastura, ba ni musu. Har in mutu ina sane. Amma sau biyu na buga. Ban kai na uku ba. Ruwan bai karɓe ni ba, bai kuma kore ni ba. Ba mu ƙare magana ba."

"Ya ja ka ƙasa kamar tsumma, kana cewa bai kore ka ba?"

"Kifin ya ja. Ni bai taɓa ni da baki ba." Ya dube ta, idon nan mai ƙyalli da ta aura ya dawo. "Kin lura? Yana iyawa, bai yi ba."

Da raunin ya warke ya koma garuwa. Wata rana ya dawo da ƙunshi daga wajen fataken Sudan, ya kwance a tsakar gida. Rama ce, sabuwa. Ya jiƙa ta a kwano kwana biyu. A rana ta uku bayan la'asar ya zauna a inuwar katanga, ya naɗe wando, ya soma murza ta a cinya, a kan tabon. Mastura ta leƙo daga madafa ta ƙirga silin. Huɗu ne. Babu fata a kusa da shi. Abin da ya tufka kuma, kafin ya fita masallaci, sai ya naɗe shi a ƙugu ƙarƙashin riga.

Ta koma ciki ta zauna a kan turmi. Ta tuna gadar katako, da nisan da ke tsakaninta da layin shuɗi, da yadda huri ya ɗauki mutum biyu ba ƙyashi. Ran nan Othman shi kaɗai ne a ciki, hannuwansa duka suna kan tuƙi. In an koma, ita za ta zama ta biyu, da wuƙa a hannu.

Ta jawo dutsen washi da ƙafa, ta ɗiga masa ruwa daga garwar mijinta, ta ɗauko wuƙar albasa.

Da ya dawo ya koma inuwarsa. Daga tsakar gida ana jin rama tana murzuwa a cinya. Daga madafa ana jin ƙarfe yana bin dutse. Kowannensu yana jin ɗan'uwansa, ba wanda ya tsaya.